Nomau Bai Gama Ɗumama Jiki Ba

Masu ba da labarin Nomau na Rafin Kuka sukan ce shi ya jefa ƙwallon ƙarshe a kwando. Ba haka aka yi ba. Nomau bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba, kuma ƙarin gishiri ba ya ƙara wa gaskiya daraja.

Nomau dogo ne, har sai ya sunkuya yake shiga zaure. Yana zaune da mahaifinsa Malam Ladan, dillalin albasa, da mahaifiyarsa Inna Talle, wadda takan ce Allah ya ba ɗanta tsawo, sauran kuma yana tafe. Saboda tsawon nan Koci Isyaku ya sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando na makarantar garin, amma bai taɓa wuce benci ba. Malam Ladan ya gindaya sharaɗi: in ba a sa Nomau a wasansu da Tudun Gawo ba, ya ajiye rigar wasa ya koma dakon albasa.

Wata rana koci ya ce duk wanda zai sauko ƙasa ya sauka da gwiwoyi a lanƙwashe, domin ba a sayar da gwiwa a kasuwa. Nomau ya riƙe. Daga gado haka yake sauka, daga dakali haka. Ran kasuwa ya diro daga amalanke ya tsugunna daidai gaban ƙanwarsa, mutane suka yi ta mamakin ladabin da ya sa yaya ya durƙusa wa ƙanwa. Malam Ladan ya ja hula ya rufe fuska.

Wata rana koci ya ce da zarar an busa usur kowa ya kurɓi ruwa, kada a jira ƙishirwa. Aka yi rashin sa'a wani ɗan koli ya zo da usur na roba, yana gwada wa masu saye ɗaya bayan ɗaya a ƙofar gidansu. Kafin la'asar randar Inna Talle ta ƙafe. Ta sami Nomau jingine da bango, ciki kamar tulu, moɗa a hannu.

"Ɗan nan, me ya same ka?"

"Inna, ki roƙe shi ya daina busawa."

Wata rana kuma, ita ce ranar wasan, motarsu ta lalace a hanya, suka isa Tudun Gawo a makare. Alƙalin wasa ya ce ko su shiga yanzu ko a ba abokan karawarsu nasara. Koci yana da doka: ba mai taka fili sai ya ɗumama jiki, da sassarfa, da tsalle, da miƙe jijiyoyi. Ranar shi da kansa ya manta da ita. Yara suka faɗa fili da sanyin mota a ƙafafunsu, Nomau kuwa ya koma gefe ya fara sassarfarsa a tsanake.

Ba a jima ba jijiyar cinyar Sabitu, gwaninsu, ta riƙe, aka fito da shi ranga-ranga. Koci ya duba benci, ya kira Nomau. Ga damar da yake jira, ga mahaifinsa cikin 'yan kallo.

"Koci, ban gama ba. Saura miƙe ƙafar hagu."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Malam Ladan ya miƙe yana karkaɗe riga, alamar magana ta ƙare. Koci ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna dokar wa ake bi. Ya nemi hutu daga alƙali, ya jera sauran a bayan Nomau, duk suka miƙe jijiyoyinsu, har da ƙafar hagu.

Daga nan ba wanda ya sake faɗuwa. Nomau ya shiga, ya tsaya ƙarƙashin kwando, duk ƙwallon da ta kuskure ya cafe, ya diro da gwiwoyi a lanƙwashe, ya miƙa wa waɗanda suka iya jifa. Abin da ya wahalar da su kawai shi ne duk sa'ad da alƙali ya busa usur, sai an riƙe shi kada ya tafi neman ruwa. Da ƙyar Rafin Kuka ta yi nasara.

A hanyar komawa, Nomau na goye da Sabitu zuwa mota, Malam Ladan ya dube shi ya ce, "Tun da dakon nan ma ka iya, albasa ta jira."

Mai karatu, kafin ka taka fili ka ɗumama jikinka, ko da duk gari na yi maka dariya. Kada ka manta da ƙafar hagu.