Ranar da Na Gayyaci Marigayi Malam Sule Rabon Taki

Ana gab da rabon taki na goge sunayen manoman garinmu Sara daga kwamfutar ƙungiyarmu bisa kuskure. Ko gezau ban yi ba, domin abin da aka goge ɓuya kawai yake yi. Na yi bisimilla, na jera umarni kamar mai haɗa baƙaƙe a allo: nemo na goge, dawo da su. Ban ce na yau kaɗai ba. Har mamata suka dawo, gayyata ta tafi wayoyinsu.

Ranar rabo sai ga Inna Hajara riƙe da wayar mijinta, marigayi Malam Sule.

"Malam ba zai samu zuwa ba," in ji ta, tana murmushi. "Amma na ji daɗi da kuka tuna shi."

Har yau a ƙofar masallaci tambayata ake, "Malam, bana su wa za ka taso mana?"