Tanar Roba a Bahon Kaka

"...lafiya lau, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta, maigida. Kai ya rowa?"

Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa kan kujera, gwiwa naɗe da bandeji. Sati uku ke nan da likita ya hana ta durƙuso, ɗanta kuma ya ɗauke 'yar fartanyarta ya ɓoye. Shekara hamsin da ɗoriya ita ke tonon tana a bayan wurin wanke-wanke: ta tona wa mijinta, ta tona wa ɗanta, yanzu tana tona wa wannan jikan, direban motar kaya, ƙato da gemunsa. Duk ranar hutu da sassafe yakan zo karɓar gwangwanin tana kafin ya tafi fatsa, ya zauna ya shanye mata shayi, su yi faɗa son ransu. In ba don gwangwanin nan ba, me zai kawo mai mata da 'ya'ya uku ƙofar tsohuwa duk mako? Ita ta san wannan sarai. Shi ya sa tun daga nesa ba ta yarda da baƙar ledar da ke hannunsa ba.

"Me ka ƙunso? In tsaraba ce, yau rana za ta faɗi a gabas."

"Hutu na kawo miki. Daga yau kin yi ritaya."

Ya zazzage ledar a kan tabarma. Wasu abubuwa masu laushi suka watsu: dogaye kamar tana, masu ƙafafu kamar ƙadangare, wasu kamar 'ya'yan kifi, ja da kore da ruwan hoda, har da masu ƙyalƙyali.

"Innalillahi! Alawar yara ka sayo?"

"Koto ne, tsohuwa. Tanar roba. Ba ta mutuwa, ba ta wari, ba ta tsufa. Kin ga ta fi ki da abu uku."

"Uku? To ƙirga na huɗun: ba ta da amfani, ta yi gadon mai ita. Ni za ka musanya da silifas? Da hannun nan na tono tanar da ta kamo kifin da aka soya ranar sunan ubanka!"

"Ai kifin nan kullum girma yake ƙarawa. Bara kin ce ya kai cinyata, bana na san ya kai jaki."

"Jakin dai ga shi a gabana yana magana."

Direba ya yi dariya, ya jawo sandar fatsarsa ya nuna mata ɗaurin. Dalma ce mai huji, zare ya ratsa ta cikinta tana zamewa sama da ƙasa, sai ɗan dutsen ado ya tare ta, daga nan zare ya ci gaba kamar kamu biyu kafin ƙugiya.

"Buɗe kunne ki sha ilimi. Dalma ta kwanta a ƙasan ruwa, ina janta a hankali tana tayar da laka, koto yana biye da ita a baya. Kifi ya ɗauka, zare ya zame ta cikin hujin, ba zai ji nauyi ba balle ya tofar. Sabon yayi ne."

"Sabon yayi! Kakanka da notin keke yake yin wannan, lokacin uwarka ma ba ta san hanyar bakinta ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi. To wanne za ka sa a cikin tarkacen?"

Ya ɗago wani ruwan hoda, jibgege, mai ƙyalli kamar kayan biki.

"Wannan. Dubi kyau."

Kaka ta dafe ƙirji. "Wayyo ni, an cuce ni da miji! Zance za ka je wurin kifin ko kamu? A ina ka taɓa ganin tana ta yi kwalliya? Kifin da zai ci wannan sai dai in shi ma direba ne."

"Mai shago ya ce shi ake rububi."

"Mai shago ai ya yi kamunsa, ga ka nan a ƙugiya. Tashi ka ciko min baho da ruwa."

"Likita ya ce..."

"Likita gwiwa ya hana, bai hana baki ba. Tashi!"

Ya kawo bahon ya ajiye a gefen kujerarta. Ta sa ya soka ruwan hodan a ƙugiya, ya saki dalma ta nutse, ya ja zaren sannu. Abin ya faɗi ƙasa tim, ya biyo dalmar a sanƙare.

"Ka gani? Gawa. Ko ni da gwiwa ɗaya na fi shi rawa. Dalma tana tayar da laka, shi kuma ya kwanta cikin lakar, wa zai gan shi? Cire."

Ya sa ƙadangaren. Ƙafafun suka yi ta karkarwa, amma jikin ya dinga juyawa yana murɗe zaren.

"A karkace ka soka shi, kamar yadda kake faka mota. Gyara. Yauwa. Wannan a ajiye shi sai ruwa ya yi ɗumi, kifi ya fara neman rigima. Yanzu ruwan yaya yake?"

"Ya ɗan yi ja, an yi ruwan sama shekaranjiya."

"Kuma shi ne za ka jefa musu fari da kore-kore? A gurɓataccen ruwa baƙi ake gani, sakarai. Miƙo min wancan mummunan."

Can ƙarƙashin tulin akwai wata siririyar tana, baƙa-baƙa, ba ƙyalli ba komai. Da ya ja ta a bahon, sai kanta ya biyo zare, jelar ta ɗago sama tana lilo, ko da ya tsaya ba ta daina motsi ba. Kaka ta ƙura mata ido. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, don wallahi ta yi kama da ta gaske.

"Amarya, ya na ji shiru? Ko kin ga ƙanwarki?"

"Mummuna ce kamar ka, shi ya sa na ƙura mata ido. Ita za ka sa." Ta ɗauko ta ta kai hanci, ta yamutsa fuska. "Tir! Warin sabon bokiti. Kifi hanci gare shi, ba kamar wasu ba da ke kwana da safa."

"To ya za a yi? Turare zan fesa mata?"

"A man gwangwanin kifi za a jiƙa su, kwana biyu, a rufe. Kai kuwa na san ka, a aljihun mota za ka watsar da su rana ta narkar."

Ta kama bakin zaninta ta fara tattare robobin tana zubawa a cinya, har da gawar ruwan hodan.

"A'a, tsohuwa! Fashi da rana tsaka? Kayana ne fa!"

"Kayan miji na mata ne. A ɗakina za su zauna. Duk ranar da za ka ruwa, ka zo ka gaya min kalar ruwan, ni in zaɓa. Biyu zan ba ka, ba ƙari."

"Biyu? In kifi ya tsinke su fa?"

"Ka dawo ka durƙusa, tunda kai ba a hana ka ba."

"Wato na kashe kuɗina don in huta da bakinki, ashe sabon ofis na buɗe miki."

Ya faɗi haka yana tsuke fuska, amma Kaka ta lura bai miƙa hannu ya karɓe ko ɗaya ba, har ma ya tura mata wata da ta gangara ƙarƙashin tabarma. Ta kalle shi ta wutsiyar ido. Yaron nan tun yana shekara bakwai yake fatsa. Anya bai san ruwan hoda ba ya kamu a jan ruwa ba? Ta haɗiye tambayar, ba a tona wa miji asiri a tsakar gida.

"Kuma kan kifin farko nawa ne," ta ce.

"Da wane haƙorin?"

"Da wanda na cinye zamanin kakanka, nake cin naka."

Direba ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ya miƙe ya kwashi bahon zai zubar.

"Na sallama, ranki ya daɗe, shugabar ma'aikatar roba. Jibi da asuba ina nan. Ki sa sukari sosai a shayin."

"Zo da sukarinka, marowaci."