Dattijuwa Ta Kwanta Dama

Da zuciya cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ya fi ƙarfin mutum, Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda aka taɓa rage wa hanya rasuwar motarta ƙirar jif, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a gefen babban titi, bayan gajeruwar rashin lafiya da masana suka kasa gane kanta.

Marigayiya ta shigo gidan ne a hannun mijin Malama, safiyo mai awon filaye, kuma a dalilinsa ta san hanyoyin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta bi. Shi ya raɗa mata suna, domin a cewarsa ba ta gaggawa, ba ta kuma taɓa fitar da maganar da aka yi a cikinta ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'ya suka ce a sayar. Malama ta ce a'a. Ta haura hamsin a lokacin, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ta koya a filin ƙwallon makarantar da ta shugabanta, da matashin kai a bayanta don ƙafarta ta kai birki.

Dattijuwa mai haƙuri ce, mai zumunci. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, sai dai ta yi ɗan tari, ƙuh-ƙuh, kamar babban mutum zai fara jawabi. Ƙofarta ta baya kan ce ƙiii idan an buɗe, har jikoki suka mai da shi gaisuwa suna amsa mata. Ta ɗauki siminti, ta ɗauki maƙwabciya mai naƙuda, ta ɗauki 'yan makaranta da kazarsu ta gwaji. Idan ruwa ya cika layi ƙananan motoci suka tsaya cirko-cirko, ita kan ratsa a natse kamar mace ta tattare zani.

Babban aikinta a shekarun ƙarshe shi ne na Alhamis. Malama tana da ƙanwa guda a wani gari, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, magana ma da ƙyar take fita. Duk mako Dattijuwa ke kai yaya wajen ƙanwa, ta yi mata wanka, ta yanke mata farce, ta tsefe mata kai, su yi ta dariyar mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ƙanwar ba ta riƙe ranaku, amma ta san muryar injin.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙusa. Tayar baya ta hagu ta sace, mai faci ya gyara ya mayar, ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana ɗaure notina. Malama ta gode masa, don a ganinta abin da aka ɗaure haka sai ranar tashin ƙiyama. Bayan 'yan kwanaki marigayiya ta soma rawar jiki idan an ɗan yi gudu, da wani ƙwal-ƙwal a ƙasa-ƙasa, kamar ana buga cokali a tukunya daga wani gida.

Malama ba ta yi sake ba, wannan a shaida. Ta kai ta wajen bakanikensu na tun zamanin mijinta, ya saurara ya ce tsufa ne. Ta kai ta wajen mai saitin ƙafa, ya ce tayoyin gaba ne, ya saita su. Wani kuma ya zagaya motar, ya shuri kowace taya da takalmi, ya ce ai irin waɗannan motoci ba sa mutuwa, sai dai mai su ya gaji. Ta dawo gida da amsa uku, ƙwal-ƙwal ɗin na biye da ita.

Ranar da abin zai faru, ta ɗauko keken guragu da ta daɗe tana yi wa ƙanwarta alkawari, ta kwantar da shi a baya. Hanya shiru, rana ta ɗan ɗaga. Sai ta ji Dattijuwa ta durƙusa ta baya. Kafin ta gane, taya ta wuce ta ta gefen taga, a miƙe, tana tsalle, kamar an aike ta. Malama ta bi ta da kallo, har ta ji tausayin mai ita. Sannan ta taka birki, ta murza sitiyari, sitiyari ya ƙi sanin ta. Tsayin nan na Dattijuwa da ake yabo shi ya ci amanarsu: motar ta karkata a hankali, ta gangara, ta kwanta a ɓarinta na dama.

Masu wucewa ne suka zaro Malama ta taga, tana rataye a bel ɗin kujera, wuyan hannunta ya karye. Injin bai mutu nan take ba. Ya ci gaba da gurnani ƙasa-ƙasa har wani direban tirela ya miƙa hannu ya kashe makulli.

Har yau ba a daidaita kan musabbabi ba. Wani ya ce an ɗaure notinan fiye da kima har ƙusoshin da ke riƙe tayar suka gaji suka tsinke, wani ya ce ba a ɗaure su da kyau ba ne. Malama, da hannu a rataye, ta tambayi bakanike abu ɗaya: "To ni me ya kamata in yi da ban yi ba?" Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi uku masu ƙoshin lafiya, da safaya wadda sai a ranar aka gano ba iska a cikinta, da keken guragu mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Tayar da ta gudu an tsince ta a gonar wani, ko ƙwarzane babu. Marigayiya ta kuma bar Malama, wadda 'ya'yanta suka zauna a falo suka yanke cewa ta gama tuƙi. Babban ɗanta ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, duk inda za ki, mu za mu kai ki." Ta san da gaske yake. Ta kuma san aikinsa, da na ƙannensa. Alhamis ta zo ta wuce, aka yi waya daga garin ƙanwarta aka ce mara lafiya ta ƙi cin abinci, ta juya fuska ga ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan garejin bakanike, inda 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa za su zo da injin yanka. Malama ba za ta halarta ba. Masu ta'aziyya su same ta a gida, tana kuma roƙon a daina ce mata ai ƙarfe ne, Allah ya taƙaita, domin ta sani, ta kuma gode masa. Wanda yake da niyyar kawo wani abu ya bar shi. Sai dai idan akwai mai bin hanyar garin ƙanwarta ranar Alhamis, da kujera ɗaya babu kowa, ya ƙwanƙwasa. Ba za ta ɓata masa lokaci ba, a shirye zai same ta, kuma ba ta da surutu a mota.