Alawar Rabi

Ranar da sufeto zai zo lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa a Badagishiri, fargaba ta hana ni karyawa. Na haɗiye maganin ciwon sukari da ruwa kawai, na ce ai ni da ciwon nan mun daɗe da sanin juna.

A ajina ba a cin komai, dokata ce. Da safen nan ma sai da na ƙwace alawar wata ɗaliba, Rabi, na jefa a aljihun tebur, na bi ta da dogon wa'azi.

Ina tsakiyar darasi, sufeto na zaune a baya, gumi ya karyo mini. Nan na gane sukarin jinina ne ya sauka. Na laluba aljihuna, ashe dabinon da nake ajiyewa don irin wannan yana rigar jiya. Na ga alamar zan zube gaban yara.

Na jawo aljihun tebur, na cusa alawar a baki. Aji ya yi tsit, sai ƙarar taunata.

Rabi ta ɗaga hannu cikin ladabi, ta kira ni yadda ake kiran malami a nan: "Mushe, tawa ta."

Sufeto ya rufe fuska da littafi, kafaɗunsa na rawa.

Har yau, duk abin da na ƙwace, sai yaran su haɗa baki: "A ci lahiya, Mushe!"