Ranar da Na Ɗauki Kawuna Lauya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki lauya ina ɗan shekara goma sha biyar, bayan na karanta shafi ɗaya tak na mujallar ƙungiyar lauyoyi. Shafi ɗaya fa! Shi ma don matar kawuna ta naɗo mini ƙuli-ƙuli a ciki ne.

Ga asalin maganar. Babanmu yana da gonar shinkafa a fadamar Argungu, da injin ban-ruwa wanda yake ji da shi fiye da mu 'ya'yansa (injin yana da bargo, ni ba ni da shi). Wata Asabar ni da abokaina muka sace jiki muka ɗauke shi, wai za mu zuƙe wani kududdufi mu kwashi tarwaɗa. Injin ya sha laka, ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya cika. Tarwaɗa uku muka samu. Muka wanke mamacin, muka mayar da shi muka lulluɓe.

Matsalar ita ce, kwana biyu kafin nan Malam Ɗanjuma makanike ya gyara shi. Sai Baba ya rantse gyaran ne ya kashe masa inji, kuma sai ya kai shi kotu. Dattijon makaniken ya zo har gida yana rantsuwa, hularsa a hannu. Na kasa cin tuwo. In na yi magana bayana ya shiga uku, in na yi shiru an ɓata sunan bawan Allah a banza.

Ana haka ƙuli-ƙulin nan ya iso. Da Turancina na aji uku na gane abu guda a takardar: duk abin da mutum ya faɗa wa lauyansa sirri ne, ko alƙali ba ya tatsar sa. Na ce Alhamdulillahi! Ga inda zan sauke kayana ba tare da kowa ya ji ba. Ƙasan shafin ya ci gaba da cewa "amma lauya ba zai...", daga nan mai ya cinye sauran.

Ran Litinin na hau Keke Napep daga garinmu Gwadangaji zuwa ofishin Kawu Barista, ƙanin mahaifiyata. Na shiga na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kawu, yau ba ɗanka ne a gabanka ba. Na ɗauke ka lauya."

Ya sauke tabarau. "Kai wanga yaro, lahiya?"

"Injin Baba dai..."

"Dakata!"

Na ɗauka salon lauyoyi ne, sai na ƙara wuta. Na faɗi laka, na faɗi hayaƙi. Ya sake cewa dakata, har da ɗaga hannu biyu. Ina! Sai da na kai kan tarwaɗa ta uku na yi shiru ina murmushi.

Kawu ya dafe kai. "Ka kashe ni, ɗan nema. Ubanka ya riga ka. Tun jiya ya ba ni shari'ar ga."

"To ai shi ke nan, ka haɗa mu duka. Gida ɗaya muke."

"Lauya ba ya riƙe mutum biyu da maganarsu ta yi karo."

"To ni ne naka ko shi?"

"Yanzu ba ko ɗaya."

"To za ka faɗa masa?"

"A'a. Ka zo mini da amana, ba ni tona ta."

"To za ka kai Malam Ɗanjuma kotu?"

"Ina sane da bai yi komai ba? Allah ya kiyaye."

Kaina ya ɗaure tamau. Ina da lauya ko ba ni da shi? An rufa mini asiri ko an tona? Ina cikin wannan lissafi na ji sallamar da na fi sani a duniya. Baba ne, riƙe da ledar takardu.

Kawu ya miƙe suka gaisa, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, ka yi haƙuri, na janye daga shari'ar inji."

"Don mi?"

"Ba ni iya hwaɗin dalili. Ƙa'idar aikinmu ce."

Baba ya dubi Kawu. Ya dubi fanka. Sannan ya juyo a hankali ya dube ni, ɗan makarantar da ya kamata a ce yana aji, zaune a kujerar masu ƙara, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Kai kuma mi ya kawo ka?"

Wallahi na so in ce gaisuwa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, sai dai ka tambayi lauyana."

"Ba ni ne ba," in ji Kawu da sauri.

Na koyi cewa lauya yana iya kulle bakinsa, amma ba shi da makullin fuskarka. Baba bai dake ni ba. Ya tasa ni gaba har garejin Malam Ɗanjuma, na durƙusa gaban yaransa na ba da labarin tun daga laka. Aka fasa ƙara. Hutun makarantar da ya biyo baya gaba ɗaya a garejin na yi shi ina wanke kayan inji, kuma har yau Barista Tarwaɗa suke kirana.