Yadda Za Ka Gamsar da Matarka Cewa Kwalin Karta Biyu Ba Ɗaya Ba Ne

Ɗan'uwa mai tara karta, gyara zama ka sha shayinka, ba sauri muke ba. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari ba za ka rasa kwali ko guda ba, da mai tambari da marar tambari, kuma ɗakin da kake ajiye su zai ci gaba da zama naka. Ban yi karatu mai nisa ba, gyaran babur nake yi a unguwar Sanchong, amma wannan fanni a gaban idona aka yi shi. Yayana Po-lin ne ya gwada hanyar, ni kuma na riƙe masa.

Ga yadda abin yake. Gidan yayana ɗaki biyu ne. Babban nasa ne da matarsa Pei-shan. Ƙaramin na karta ne: kantoci har rufi, kabad ɗin gilashi guda ɗaya mai tsotse danshi, da na'urar busar da iska da ba a kashe ta. Sai Pei-shan ta samu ciki. Ta ce gadon jariri ƙaramin ɗaki zai shiga, don haka duk kartar da yake da ita kwali biyu, ya zaɓi ɗaya ya fitar da ɗaya, a cire rabin kantoci. Ka ga ai maganar ba ƙarama ba ce.

Mataki na 1: Sayi duka biyun

Wani mai zane zai zana karta mai kyau, da kifaye ko fitilu ko kuraye masu rawani, ya sa hotonta a intanet ya ce a yi masa karo-karo ya buga. Za ka zuba naka, ka jira har ka manta ka zuba. Zai ba ka zaɓi. Akwai wadda za a rubuta sunan tsohon kamfanin karta a kwalinta, ita ce mai tambari. Akwai wadda kwalinta zane ne kawai, ita ce marar tambari. Takarda ɗaya, inji ɗaya, rana ɗaya aka buga su.

Kada ka tsaya tunani. Sayi duka. Wanda ya sayi ɗaya ɗan kallo ne, a ƙungiyarmu ta masu tara karta ma kujerar bakin ƙofa ake ba shi.

Ka sa a kai maka saƙon kantin kan kwana ka karɓa can, kada a kawo gida. Kwali ƙarami ne, yana shiga aljihun rigar ruwa. Haka yayana ya cika ɗaki guda ba wanda ya taɓa ganin ya shigo da kaya.

Mataki na 2: Kada ka buɗe

Ledar da aka naɗe kwalin da ita, ita ce ran kartar. Ranar da ka yage ta, ba ka da komai sai takardu masu hoto, irin waɗanda tsofaffi ke bugawa a gaban wurin ibada suna cin gyaɗa. Mai tara karta na gaske bai san abin da ke cikin kwalinsa ba, kuma ba ya son ya sani. Abin da ba ka gani ba ba ya taɓa ba ka kunya, ka riƙe wannan.

Mataki na 3: Koyi maganar manya

Muna haɗuwa ranar Lahadi a wani shagon shayi a Ximen. Shugabanmu Malam Teng ne, likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda ba ya taɓa kwali sai da farar safar hannu. 'Yan ƙungiya ɓangare biyu ne. Wasu su ce mai tambari ita ce mai asali, tana da tarihi. Wasu su ce marar tambari ita ce mai 'yanci, ba a toshe wa mai zane fuskar kwali da sunan wani ba. A yi ta musu har shayi ya huce, wani ya yi fushi ya ɗauki hularsa. Sannan kowa ya koma gida ya sayi duka biyun.

Ka haddace kalmomi uku: asali, tarihi, 'yanci. Ba sai ka san inda suka dosa ba. Ni ma na daɗe ina faɗarsu, ba wanda ya taɓa tambayata.

Mataki na 4: Ranar da ta ɗora su a kan tebur

Wannan rana tana zuwa. A gidan yayana bayan cin abinci ta zo. Pei-shan ta shiga ƙaramin ɗaki ta fito da kwali biyu na kartar kifaye, ta jera su kusa da kwanon shinkafa.

Ta ce, "Po-lin, nuna min bambancin."

Ya ce, "Ki ɗan matsar da su daga miya tukuna."

Ta matsar. "To, nuna min."

"Wannan tana da suna. Wannan ba ta da shi."

"Kifin fa?"

"Kifi ɗaya ne."

"Sarki ɗaya?"

"Ɗaya ne, amma wannan tana da tarihi."

Ta ce, "Tarihin me? Bara aka buga su, ranar da ka ce min ka je gaishe da abokinka a asibiti ka dawo da su."

A nan kada ka yi gardama. Ka yi murmushin mai tausayi, irin wanda likita ke yi wa marar lafiyar da ya kawo shawara. Ka ce abin yana da zurfi. Yayana ya faɗi haka, ya kwashe kwanuka ya tafi wanke-wanke. Wanke-wanke yana sayen lokaci, ka yawaita shi.

Mataki na 5: Kawo shaida

Nemo mutum mai natsuwa, wanda fuskarsa ba ta yi kama da ta maƙaryaci ba. Yayana ni ya nemo. Ya saya min taliya da naman sa a hanya, ya ce abin da zan faɗa kaɗan ne.

Na zauna na ce, "Yaya Pei-shan, gaskiya a hannu ake jin bambancin. Mai tambari ta fi sulɓi."

Ta zuba min shayi. Ta ce, "A-Chun, kai dai ba ka iya ƙarya ba tun kana ƙarami. Ka taɓa buɗe ɗaya?"

Na ce a'a.

"To a ina ka ji sulɓin?"

Na ce Malam Teng ne ya faɗa.

"Shi ya buɗe?"

Na duba yayana. Yayana yana duban rufi. Na ce Malam Teng ma a wurin wani mutumin Osaka ya ji.

Darasin da ke nan shi ne, ka ciyar da shaidarka bayan ya yi magana, ba kafin ba. Mutumin da ya ƙoshi gaskiya take zuwa masa.

Mataki na 6: In ta ce a buɗe

Za ta ce. Pei-shan ta ɗauko almakashi ta ajiye tsakanin kwalayen. Ta ce a buɗe duka biyun, a rufe masa ido, ya taɓa. In ya gane wacce ce wacce, ɗakin nasa ne har abada, jariri ya kwana a kwandon wanki.

Wannan tarko ne, ka lura. In ka buɗe, ka kashe biyu a lokaci guda, ko ka ci ko ka faɗi. Yayana ya dafe kwalayen da tafin hannu kamar mai kare ƙwai. Ya ce, "Ki nemi wani abin, ban da wannan."

Ta ce, "Wato ba ka taɓa ganin cikin ko ɗaya ba."

"Na ga hoto."

"In kwali ne aka yanka aka cusa a ciki fa?"

Na ga maganar ta shige shi, don ya ɗaga kwalin ya kai kunne ya ɗan girgiza. Kada ka yi haka a gabanta. In shakka ta kama ka, ka jira ta fita.

Mataki na 7: Nemi goyon bayan surukarka

Da haihuwa ta matso, mahaifiyar Pei-shan, Madam Liao, ta iso daga garin Chiayi don zaman watan jego, da tulun man riɗi da ƙullin citta. Ta saurari kowa. Ta leƙa ƙaramin ɗaki, ta shaƙi iskarsa, ta shafa bango ta ji shi a bushe ƙarau.

Ta ce wa 'yarta, "Ke, ki rabu da shi. Mutum ya ce kayansa ba ɗaya ba ne, to ba ɗaya ba ne. Ɗakinsa ne, a bar masa."

Yayana ya kusa hawaye. Ya ce, "Mama, ke kaɗai kika fahimce ni."

Ta ce, "Ai dole, ɗana."

Ka ga nasara ke nan, yadda na yi maka alkawari. Aka haifi yarinya, aka kafa gadonta a babban ɗaki. Madam Liao ta ɗauki gefen gadon da yayana ke kwana, tunda ita ce mai kula da mai jego. Shi kuma aka shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, tsakanin kantoci, ƙafafunsa na taɓa ƙofa. Ya ce min bai taɓa kusantar kayansa haka ba.

Mataki na 8: Kula da sararin sama

Wannan matakin yayana bai yi shi ba, shi ya sa na ƙara maka. Ruwan saman watan biyar ya sauko, irin wanda ba ya tsayawa, har takalmi a bakin ƙofa ya yi fumfuna. Jaririya kuwa kaya take ɓatawa ba hutu. Baranda ba ta busar da komai. Madam Liao ta ɗaura igiya daga wannan kanta zuwa waccan a ƙaramin ɗaki, ta shanya riguna da tawul da zannuwan gado, suna ɗiga.

Yayana ya ce, "Mama, danshi yana lanƙwasa karta."

Ta ce, "Ai ban taɓa maka ko ɗaya ba, ɗana. Iskar kawai muke ara. Ko jikata ta sa jiƙaƙƙen kaya?"

Me zai ce? 'Yarsa ce, kuma yana sonta fiye da yadda ya zata zai so wani abu marar leda. Na'urar busar da iska ta yi ta gurnani, ana zubar da ruwanta ana sake shanya. Allurar ma'aunin danshi ta yi ta hawa. Kabad ɗin gilashi ne kaɗai wurin tsira, shi kuma ko an matsa ba zai ɗauki fiye da rabin kayan ba.

Ranar Asabar ya kira ni ya ce in zo da manyan jakunkuna, ragowar za su zauna a ɗakina tunda ni a saman bene nake kuma ba ni da mai shanya. Na same shi a tsugune ƙarƙashin tawul, ruwa na ɗiga masa a wuya, yana cusa kwalaye cikin kabad da hannu biyu. Na ɗauki kwali ɗaya daga kan kanta.

Na ce, "Yaya, wannan mai tambari ce. Kabad za ta shiga ko jaka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Saka ta duk inda ka ga wuri."

Pei-shan tana bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Ta juya ta shiga kicin, na ji ta tana gaya wa mahaifiyarta a auna faɗin bangon da aka kwashe.

Yanzu gadon yarinyar yana inda kantocin hagu suke a da. Watan jego ya wuce tuni, Madam Liao ba ta yi zancen Chiayi ba tukuna, don haka yayana yana nan a katifarsa, shi ke tashi in 'yar ta yi kuka. Amma ka duba da kyau: kwali ko ɗaya bai rasa ba, rabi dai a wurina suke. Ɗakin kuma har yau nasa ne.

Sanarwa

Ni A-Chun, mai gyaran babur, shawara kawai na bayar. In ka bi ta ka wayi gari a kan katifa, ko bayanka ya riƙe, ko surukarka ta canza adireshi zuwa gidanka, ba ni na aura maka mata ba, ba ni na saukar da ruwan sama ba. Kada ka zo shagona da ƙorafi, maigidana ba ya son taro. In kuma kayanka ne suka rasa wurin zama, wannan wata magana ce, ina da sauran kanta ɗaya a bushe.