Ranar da Oga Ya Yi Murmushi

Wani manaja ne a wani kamfanin ruwan roba a Lugbe, masifaffe na ƙarshe. In ya shigo ofis, har fanka sai ta rage ƙara. Da ma'aikata suka yi ta gudu, sai mai kamfanin ta ɗauko masa koci mai koyar da zama da mutane, ta ce ko ya gyara hali ko ya bi bayansu.

Kocin ta ce masa, "Ka riƙa sakin fuska. In ranka ya ɓaci, kada ka yi magana. Rufe ido, dafa ƙirji, ja dogon numfashi. Sannan ka ce wa mutum, na fahimci damuwarka."

Washegari ya shigo da murmushi. Da yake bakin bai saba ba, gefe ɗaya ne kawai ya ɗaga. Ya dubi sakatariyarsa ya ce, "Gift, ina kwana? Ya yara?"

Gift ta sulale wajen Obadiah mai gadi. "Bakin oga ya karkace fa. Kuma yara yake tambayata, ni da ko aure ban yi ba."

Ana haka sai ga Dominic direba. "Oga, sorry, na goga motarka a get."

Ran manaja ya ɓaci. Ya rufe ido, ya dafa ƙirji, ya hau jan numfashi.

Obadiah ya leƙo ya ce, "Zuciya ce. Haka ta yi wa kawuna a Jikwoyi."

Kafin ya buɗe ido sun ɗauke shi cak, sun cusa shi a mota, sun nufi asibiti. Zagi ya zo masa baki, ya tuna da aikinsa, ya haɗiye. Da ƙyar ya ce, "Na fahimci damuwarku."

Gift ta fashe da kuka. "Ya fara neman gafara."

A titin filin jirgi suka faɗa go-silo. Obadiah ya kwance masa bel, ya juye masa ruwan roba a ka. Gift na fifita shi da fayil tana addu'a. Dominic ya waiwayo ya ga ko oga na da rai, sai ji kake gam, ya daki bayan tasi.

Nan manaja ya fashe. "Dominic, kai wane irin jaki ne? Ku sake ni, sakarkarun banza! Duk na kore ku!"

Obadiah ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Dominic, juya mota. Oga ya samu sauƙi."